Inda Muryoyi Suke Kwana

Duk ɗalibin da ya kai shekara ta uku a sashen kimiyyar harshe ya san yadda ake riƙe na'urar ɗaukar magana, ya san tazarar da ya kamata ya bari tsakaninta da bakin mai magana, ya san kuma ba a ɗaukar hira kusa da injin niƙa. An koya mana rubutun sauti, an koya mana ɗora alamar karin sauti bisa wasula, an koya mana tsara tambaya yadda ba za mu cusa wa mutum amsa a baki ba. Abin da ba ya cikin jadawalin darussa shi ne inda muryar za ta kwana bayan an ɗauko ta. In ka zagaya ajinmu ka tambayi kowa ina hirarrakin da ya yi a ƙauye suke, amsar ba za ta wuce uku ba: cikin salula, cikin kwamfutar hannu, ko cikin kile. Sau da yawa ma su ukun jaka ɗaya suke ciki, jakar kuma tana rataye a bayan mai ita bisa kabu-kabu.

Wani zai ce ai an riga an rubuta maganar, me kuma ake nema da sautin? Mu da muke wannan fage mun san rubutu bai taɓa kwashe magana dukanta ba. Ƙa'idar rubutun Hausa ba ta nuna karin sauti, ba ta nuna tsawon wasali. Garin da ake zaune ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi haruffa huɗu ne iri ɗaya a takarda, kunne kaɗai yake raba su. Ra-gare da ra-kaɗe su ma harafi ɗaya suka haɗu a kansa. Ko da ɗalibi ya yi rubutun sauti mai zurfi, abin da kunnensa ya ji a ranar ya rubuta, kunne kuwa yana da son zuciya, abin da ya saba ji yake ji. Bayan shekara goma wani zai zo da tambayar da ba ta taɓa faɗo mana a rai ba, kuma sautin ne kaɗai zai iya ba shi amsa. Fayil ɗin sauti shi ne asali, duk abin da muka rubuta sharhi ne a kansa.

Nawa aikin a kan karin harshen Adar yake, musamman yadda dirka take fita na da ta inda daidaitacciyar Hausa take da ne da ce, da yadda hw take zama a gurbin f. Hutu uku na kwashe ina yawo tsakanin ƙauyukan Buza da na Keita, na tara abin da ya haura sa'a 60 na hira da tatsuniya da zancen duniya. Mafi yawan waɗanda suka ba ni bakinsu tsofaffi ne, da gangan na neme su, domin Hausar matasa rediyo da finafinan Kano sun fara dakushe mata kaifi. Biyu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Littafin da ya ɓace ana sayen wani, darasin da aka rasa ana aron takardar aboki. Muryar tsohuwar da aka binne bara kuwa, in fayil ɗinta ya lalace, ta sake tafiya ke nan, kuma babu inda za a je a nemo ta.

Wata ƴar ajinmu da ta yi aiki kan zancen mata a Damagaram an ɗauke mata jaka a tashar mota ranar da take komowa Yamai. Ta yi abin da ake cewa a yi, ta kwafi komai cikin kile. Kilen yana aljihun jakar da kwamfutar take ciki. Da abin da ya rage a littafin rubutunta ta kammala kundinta, babi guda ta soke shi ɗungurum domin babu sautin da za ta auna. Kada kuma a ce wannan cutar talaka ce. Ranar 2 ga Satumba 2018 gobara ta cinye babban gidan tarihin ƙasar Birazil a birnin Riyo, cikin abin da ya ƙone har da tarin muryoyin harsunan ƴan asalin ƙasar da aka ɗauka shekaru da dama baya, wasu daga cikinsu yau babu mai magana da su. Gini ne na gwamnati mai ma'aikata da masu gadi, sai dai kaya da yawa kwafi ɗaya tak suke, a ɗaki ɗaya.

Kafin a sayi komai sai an yi lissafi. Ƙungiyar ma'ajiyoyin sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar a ɗauki sauti aƙalla da samfuri dubu 48 a daƙiƙa, kowane samfuri da bit 24, a ajiye shi a siffar WAV wadda ba ta zubar da komai. In aka buga lissafin, sa'a ɗaya ta sauti mai hanya biyu tana cin kimanin jiga ɗaya, mai hanya ɗaya kuma rabin haka. Bidiyo ya ninka wannan sau da yawa. Dalilin da ya sa ba ma gudu mu fake a MP3 shi ne yadda yake rage nauyi: yana zubar da ɓangarorin sautin da aka ƙiyasta kunne ba zai lura da rashinsu ba. Ga mai sauraren waƙa babu laifi. Ga wanda zai buɗe Praat ya auna yadda tunzuɗau irin ƙ da ts suke fashewa, abin da aka zubar yana iya zama shi ne abin da ya fito nema. Saƙon murya na WhatsApp shi ma matsattse ne, ya isa gaisuwa da aike, bai isa awo ba.

Amsar da kowa yake fara bayarwa ita ce a ɗora a intanet, a abin da ake kira gajimare, wanda a zahiri kwamfutar wani kamfani ce a wata ƙasa. Google yana ba kowa jiga 15 kyauta, wato sa'a 15 daga cikin 60 ɗina, kuma wasiƙu da hotuna suna ci daga ciki. Abin da ya wuce haka biya ne duk wata, da katin banki da yawancinmu ba mu da shi. Ga kuɗin forfe da za a ƙona wajen ɗorawa, ga rezo da yake zuwa yana tafiya. Ranar da biya ya tsaya kuma sai ka tuna kayan aro ba ya rufe katara. Ban yi watsi da gajimaren ba, na ba shi aikin da ya dace da shi: rubutattun fayiloli, waɗanda dukkansu ba su kai nauyin hira ɗaya ba.

Abin da na kafa a gidan kawuna, inda nake zaune a Yamai, ba wani abin mamaki ba ne. Kwamfuta ce da ba a kashewa, an jona mata diski, an haɗa ta da akwatin wifi na gida da waya. Duk wanda yake cikin gidan, da salula ko da kwamfuta, yana iya ajiye fayil a cikinta ko ya ɗauko, in an ba shi izini. Abin da mutane suke jinkirin fahimta shi ne ba ta buƙatar intanet ko kaɗan. Akwatin wifi ko forfensa ya ƙare yana ci gaba da sada na'urorin gida da juna, kamar yadda zaure yake sada ɗakuna ko an rufe ƙofar waje. Na laƙaba mata suna rumbu, sunan ya bi ta, yanzu har yara haka suke ce mata.

Akwai irinta da ake sayarwa a haɗe, na kamfanoni kamar Synology da QNAP, masu kyau ne, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin ɗalibi kuma sai an yi saƙonsu daga waje. Na yi tunanin Raspberry Pi 4, ƴar mitsitsiyar kwamfutar nan da ta fito a 2019, wadda take da mashigar USB mai sauri kuma ba ta cin wuta. A ƙarshe tsohuwar kwamfutar hannu ta kawu na ɗauka, wadda gilashinta ya tsage aka jefa ta bisa kabad. Rumbu ba ya buƙatar gilashi, daga wata na'urar ake ba shi umarni. Kuma tana da abin da sauran ba su da shi, wato batir a jikinta. A ƙasar da kuran yake ɗaukewa ba sallama, wannan ya fi kowace fasaha daraja a wurina, domin ya ɗauke mini sayen ondular. Sharaɗinsa ɗaya, a riƙa duba batirin: in ya fara kumbura saboda zafi, a cire shi nan take.

Na goge Windows na sa mata OpenMediaVault, wani tsari na Linux da aka gina kan Debian, kyauta ne, kuma da shafin da ake buɗewa a kowace kwamfuta ake sarrafa shi. A cikinsa akwai Samba, wanda shi ne tafintan da yake sa kwamfutocin Windows da salula su ga rumbun kamar dosiye na yau da kullum. Na sayi diski biyu na waje, irin ƙananan nan da suke shan wuta daga USB, kowane tera 2. Na tsara su da ext4, tsarin da yake rubuta abin da yake shirin yi kafin ya yi, saboda in wuta ta yanke a tsakiyar aiki ya san inda ya tsaya. Wanda ya bar diskinsa a tsohon tsarin FAT32 zai tarar ba ya karɓar fayil da ya wuce jiga 4, bidiyon biki guda ya isa ya nuna masa haka. Sai na ba rumbun adireshi tsayayye a akwatin wifi don kada ya riƙa sauya wuri, na kuma hana shi barci in an rufe murfinsa. Da waya mai saurin jigabit, sautin sa'a ɗaya yana wucewa cikin daƙiƙa goma da ɗoriya. In akwatin tsoho ne mai megabit 100, kimanin minti ɗaya da rabi. Duk aikin yini ɗaya ya ci.

Gargaɗi ɗaya game da saye. Akwai kile da katin memuwar na jabu da suke yawo a kasuwanni, an rubuta musu girman da ba su da shi. Suna karɓar fayil ba gardama, suna nuna sunansa, amma da sun cika ainihin cikinsu sai su riƙa rubuta sabo bisa tsoho, ba za ka sani ba sai ranar da ka buɗe. Akwai ƴan manhajoji na kyauta, H2testw a Windows da F3 a Linux, da suke cika abin da bayanai sannan su karanta su gani ko sun dawo daidai. Gwajin yana cin sa'o'i. A yi shi kafin a ba na'urar amanar ko da hira ɗaya.

Maƙiyan rumbu a nan su ne maƙiyan kowa: zafi, ƙura da wuta. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yana haura digiri 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano ya fi haka, su kuma yawancin diski an ƙayyade musu aiki ne zuwa digiri 55 ko 60, kuma da nasu zafin da suke haifarwa. Tazarar ba ta da yawa. Na nemi ɗakin da ya fi kaurin bango a gidan, na ɗora kayan bisa bulo biyu don iska ta bi ta ƙarƙashi, dabarar da duk wanda ya ga yadda ake ɗaga rumbun hatsi bisa duwatsu ya sani. Na sa diskin su riƙa tsayawa da juyi in ba a taɓa su ba na ɗan lokaci. Da hunturu nakan share ƙura duk mako. Kowane diski yana da rahoton lafiyarsa da ake kira SMART, yana faɗin zafinsa da adadin gurabun da suka fara lalacewa. In lambar nan ta biyu ta fara hawa, ba a jiran ta ƙara. Game da wuta, tun daga Agusta 2023, lokacin da aka katse wadda take zuwa daga Nijeriya, kowa ya koyi cewa yankewar na iya daɗewa fiye da ƙarfin kowane batir. Na tsara rumbun ya kashe kansa cikin ladabi in batir ya yi ƙasa. Dawowar kuran ma tana da haɗarinta, shi ya sa akwai na'urar daidaita ƙarfin wuta tsakaninsa da bango.

A nan ne nake so ƴan uwa ɗalibai su tsaya, domin a nan ake yawan ruɗewa. Mai diski biyu yakan ji sha'awar haɗa su su zama madubin juna, tsarin da ake kira RAID 1, inda duk abin da aka rubuta a ɗaya a take yake bayyana a ɗayan. Yana da amfaninsa: in diski ɗaya ya mutu aiki ba ya tsayawa. Amma madubi ba ya zaɓe. In ka goge dosiye bisa kuskure, a take ya goge a duka biyun. In kwamfutarka ta kwaso birus a wurin buga takardu, irin wanda yake mayar da dosiye rakursi ko wanda yake kulle fayiloli, madubin zai kwafi ɓarnar da aminci. Ma'aikatar da ba ta son aikinta ya tsaya ko minti ɗaya tana buƙatar madubi. Ɗalibi yana iya jure rumbunsa ya kwana biyu a kashe, abin da ba zai jure ba shi ne ya rasa jiya.

Saboda haka diskina na biyu ba madubi ba ne, mai tuna baya ne. Kowane dare wata manhaja mai suna rsync takan duba abin da ya sauya a na farko ta kwafe shi zuwa na biyu, cikin dosiye mai kwanan watan ranar. Fayilolin da ba su sauya ba ba a sake kwafe su, nuni kawai ake yi zuwa ga tsohon kwafin, shi ya sa wurin ba ya cika da wuri. Ina riƙe hoton kowace rana ta mako guda, na kowane mako cikin wata, da na kowane wata cikin shekara. In na ga yau rubutun wata hira ya lalace, ina iya komawa in ɗauko yadda yake ranar Talata. Wannan diski na biyu ba ya bayyana ga kowa a wifi, har ni. Kwamfutar da ta kamu da cuta ba ta da hanyar kaiwa gare shi.

Duk da haka su biyun ɗaki ɗaya suke kwana. Akwai wata ƙa'ida da wani mai ɗaukar hoto na Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Kashi na ƙarshen nan shi ne mai wuya, kuma shi ne ƙasarmu ta fi koya mana. A daminar 2020 kogin Kwara ya yi ambaliya ya shiga unguwannin Harobanda, gefen da jami'a take. A Satumba 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin da ya tsaya tun ƙarni na 19. Ɓarawo ma in ya shiga ɗaki ba ya ɗaukar diski ɗaya ya bar maka ɗaya don tausayi. Kwafina na uku yana Tawa, fiye da kilomita 500 daga nan, cikin akwatin ƙarfe a ɗakin yayana. Tsarin ya zo mini da sauƙi domin a can yankin nake ɗaukar hirarrakin: kafin in hau motar Yamai sai na zube sabbin fayiloli cikinsa, don haka ko me ya faru a hanya murya ta riga ta sami masauki. Da gangan na zaɓi diski mai juyi don wannan aiki. SSD ya fi jure girgizar hanya, amma yana riƙe bayanai ne da cajin lantarki da yake zurarewa a hankali in an daɗe ba a jona shi ba, kuma zafi yana gaggauta zurarewar. Abin da zai yi wata shida cikin akwati a Tawa gara ya zama na maganaɗisu.

Kwafin da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai. Ga kowane fayil na asali na fitar da lambar shaidarsa ta SHA-256, jerin haruffa da lambobi 64 da ake lissafawa daga abin da yake ciki. Ko bit ɗaya ya sauya, lambar za ta sauya gaba ɗaya. In na je Tawa nakan sa kwamfuta ta sake lissafi ta kwatanta. A nan kuma duk farkon wata nakan ɗauko fayil ɗaya daga diski na biyu, wanda hannu ya faɗa kansa, in sa a kunne in saurara har ƙarshe. Wannan ne sashen aikin da na fi so.

Sai batun suna, wanda ya fi ba ni ciwon kai fiye da duk wayoyin. Ni mai faɗa ne a kan haruffa masu lanƙwasa. Tun da aka tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar a 1999 babu uzurin rubuta kasa inda ake nufin ƙasa, kuma ba na karɓar uzurin daga kowa. Amma a sunan fayil ba na sa ƙ, ba na sa ɗ, ba na sa alamar karin sauti, ba na barin fili tsakanin kalmomi. Dalili shi ne Unicode yana da hanya biyu ta rubuta harafi kamar à: ko lamba ɗaya, ko a ɗin dabam alamar dabam. A ido iri ɗaya suke, a wurin na'ura suna biyu ne, kuma tsare-tsaren kwamfuta ba su yi ittifaƙi kan wadda za a bi ba. Fayil yana iya ƙetarawa daga wata na'ura zuwa wata ya zama baƙo ga manhajar da take nemansa. ELAN, wanda yawancinmu muke daidaita rubutu da sauti da shi, yana riƙe sunan fayil ɗin sautin da hanyar zuwa gare shi. In suka sauya sai ka sake nemo masa da hannu, hira bayan hira. Sunayena kamar lambar mota suke: shekara, wata, rana a manne, sai hau, wato lambar Hausa a tsarin ISO 639-3, sai gari, sai lambar mai magana, sai nau'in zance. Ba su da kyan gani. Hausar kirki mai lanƙwasa da karin sauti tana cikin takardar bayani da take rakiyar kowace hira, rubutu tsantsa a UTF-8, inda na faɗi wurin, da shekarun mai magana, da inda aka haife shi, da sauran harsunan da yake ji, da na'urar da aka yi ɗauka da ita. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon kundi da aka buga da haruffa na musamman kafin Unicode, ya tarar kowace ƙ ta zama wata alama marar ma'ana, ya san dalilin wannan taka-tsantsan. Fayilolin asali kuma na kulle su, karantawa kawai. In zan yanka ko in tace, kwafi nake taɓawa.

Ban daɗe da kafa rumbun ba gidan ya gano shi. Matar kawu ta kawo bidiyon bikin ɗiyarta da hotunan suna da suka cika mata salula. Yara suka zo da finafinan Kano da fassarar Indiya. Kawu da kansa yana da hotunan mahaifinsa da aka ɗauka daga tsofaffin katuna. Tun da kwamfutarsa ce, wutarsa ce, babu bakin hanawa, kuma ban so in hana ba. Na raba wurin gida uku, kowane da iyakarsa da masu izininsa. Tambaya ɗaya nake yi wa kowane fayil: in ya ɓace, akwai inda za a same shi? Fim akwai shi wurin masu turawa a bakin kasuwa, saboda haka kwafi ɗaya ya ishe shi, kuma in wuri ya ƙure shi ne farkon fita. Bidiyon biki da hoton mamaci babu su ko'ina, matsayinsu ɗaya da hirarrakina, har Tawa suke zuwa. Yara sun yi ƙorafi da na ƙayyade musu wuri. Matar kawu kuwa, da salularta ta faɗa ruwan wanki ta ga hotunanta suna nan, ita ce yanzu take tuna mini sharar ƙura.

Gida na ukun nawa ne ni kaɗai, kuma a cikinsa akwai ɗakin da ya fi kowane tsaro. Wata tsohuwa a yankin Keita, bayan mun gama ɗauka na mayar mata ta saurara, ta yi shiru, sannan ta ce: “Ɗana, tatsuniya kai ma kowa shi ji. Amma wagga magana ta gidan mijina da nih hwaɗa maka, kai ɗai nib ba.” Na ce, “To Inna, na ji, haka za a yi.” A wannan maganar ta gidan miji ne Adarancinta ya fi fita tsantsa, domin a nan ta manta da na'urar. Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017, amma ko babu doka, alƙawarin da aka yi bisa tabarma ya isa. Rumbun da kowa a gida yake shiga da salula wuri ne mai haɗari ga irin wannan magana: taɓawa biyu ta isa ta kai ta WhatsApp, daga nan ta koma ƙauyen da aka yi ta. Don haka wannan dosiye a rufe yake da VeraCrypt, a nan da Tawa, ba ya buɗuwa sai da kalmar sirri. Sunayen masu magana na gaskiya suna ciki, a waje lambobi kawai ake gani. Ban kuma buɗe wa rumbun wata ƙofa zuwa intanet ba, ko da hakan zai ba ni damar shiga daga jami'a. Kullewa tana da nata haɗarin, domin in mai kalmar ya manta ko ya mutu, babu maƙerin da zai fasa. Na rubuta ta a takarda, na liƙe cikin ambulan, tana hannun yayana tare da bayanin abin da aka yarda a saki da abin da ba a yarda ba.

Rumbun gida masauki ne na wucin gadi. Diski yana tsufa, ɗalibi yana gama karatu ya tafi hidimar ƙasa ko neman abinci. A Yamai muna da CELHTO, cibiyar nazarin harsuna da tarihi ta hanyar adabin baka, wadda aka kafa a 1968 da taimakon UNESCO, yanzu kuma tana ƙarƙashin Tarayyar Afirka. Muna da IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni da tarin rubuce-rubucenta na Larabci da ajami. A waje akwai irin su ELAR, da ta tashi daga Landan ta koma Balin a 2021, sai dai ita harsunan da suke bakin gaɓa ta sa gaba. Hausa mai miliyoyin masu magana ba ta cikin wannan sahu, kuma lambar hau ɗaya ce ga Kananci da Adaranci da Arewanci. Abin da yake gushewa a wurinmu yana ƙarƙashin sunan harshen da kowa ya san yana da rai, shi ya sa babu mai gaggawa a kansa. Ya kamata sassanmu su nemi kowane ɗalibi ya miƙa sautinsa tare da kundinsa, da takardar bayani da ta izini, a ajiye a wuri biyu. Tsohuwar kwamfuta ɗaya da diski uku sun isa a fara.

A hutun da ya wuce na mayar wa masu maganar kayansu. Na juya hirarrakin zuwa MP3, wanda a nan ya dace, na zuba wa kowane gida nasa cikin katin memuwar da ake sa wa ƴar rediyo. A gidan tsohuwar Keita, wadda tana cikin biyun da suka rasu, tatsuniyoyin kaɗai na kai. Ɗayar maganar tana nan a kulle, kuma kafin in miƙa tarin ga kowace cibiya sai na zauna da babbar ɗiyarta, in gaya mata akwai abin da mahaifiyarta ta bari a hannuna, in ji ko tana so ta saurara.